Daren Tara Babu Gawa

"Ni dai, Elvina, taurin kanki ya ishe ni. Ke kaɗai ce uwa a tsibirin nan? Gida nawa ne teku bai ci wa ɗa ba? Ki bari a kaɗa wa yaron nan ƙararrawa, a yi masa daren tara, kowa ya huta."

Idalia ce mai maganar, maƙwabciyata, wadda shinge kawai ya raba mu tun muna amare. Muna zaune a rumfar bayan gidana, kwanon dafaffiyar ƙaguwa a tsakaninmu, muna fasawa muna zare naman. Sana'armu ke nan, da ita na ciyar da ɗana tun da ubansa ya rasu.

Na ce, "Kowa ya huta? Wa ya ce miki na gaji? Ni da na haife shi ban yi kukan gajiya ba, sai ku 'yan kallo?"

"Au, ni ce 'yar kallo? Ni da na yanke masa cibiya?"

"To ki nuna min gawa. Ki kawo min ko yatsa ɗaya ne na Delmar in gani da idona, ni da kaina zan je in ja igiyar ƙararrawar. Karatuna bai yi nisa ba, amma ban taɓa jin Fasto ya karanto inda aka ce a binne labari ba."

Ta ja tsaki, ta wurga ɓawo cikin bokiti. "Linford fa a gabansa aka yi. Ko ɗana ne maƙaryaci?"

Na jawo wata ƙaguwar na fasa.

Tare suka tafi, Delmar ɗina da Linford ɗinta, da wani baƙo daga babbar ƙasa wanda ko sunansa ba mu sani ba. Tafiyar arewa muke cewa in ba ma son kiran abin da sunansa. Sunansa kuwa hodar iblis. Masu kayan suna can babbar ƙasa, ko iyo ba su iya ba. 'Ya'yanmu ne suka san kowane dutse da ke kwance ƙarƙashin ruwa daga nan har can, to su ake damƙa wa jirgi mai manyan injuna a ce su tuƙa. Wanda ya dawo ya yi wa uwarsa ɗakin siminti. Wanda bai dawo ba, ko yana kurkukun wata ƙasa ko yana cikin kifi, ba mai tambaya.

Na yi wa Delmar faɗa har muryata ta dushe. Na ce ni ban kai maka ƙarar rufin ɗakina ba, in yana yoyo ai ina da bokiti. Ya yi dariya, ya ce, "Mama, sau ɗaya tak." Dukansu haka suke cewa, shashashai.

Bayan 'yan kwanaki Linford ya sauko daga jirgin kaya shi kaɗai. Wai sojan ruwa suka biyo su, jirginsu ya kife, Delmar da baƙon suka nutse yana kallo, shi kuma wasu masunta suka tsince shi.

A wurinmu wanda teku ya ci ba a fara ƙirga masa kwana sai ranar da matarsa ko uwarsa ta ce a kaɗa ƙararrawar coci. Daga nan a dare na tara a taru, a yi waƙoƙi, a sha kofi, a juya katifarsa, a ce masa ya kama hanya, gidan nan ba nasa ba ne kuma. Delmar bai yi aure ba. Bakina ake jira ke nan. Ni kuma na ƙi buɗe shi.

* * *

Ranar Lahadi bayan sujada Dattijo Alston ya tare ni a bakin coci. Yayan Idalia ne, dattijon ikilisiya, shi ke zagayawa da kwanon baiko ana zuba sadaka, shi kaɗai ne kuma mai sayar da man jirgi a tsibirin. Kowa ya san ta hannun wa ake ɗibar yara tafiyar arewa. Kowa kuma ya san wa ya sayi sababbin kujerun da muke zama a kai muna cewa amin.

Ya riƙe hannuna da hannayensa biyu. "'Yar'uwa Elvina, ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙurin me, Dattijo? Wani ya mutu ne?"

Ya yi murmushin nan nasa na ranar Lahadi. "Abin da Allah ya yi ai ya yi. Kada hidima ta dame ki. Alade ni zan yanka, kofi da burodi a wuyana, kujeru ma yara za su kawo. Ke dai ki ce a kaɗa."

Na zare hannuna. "Dattijo, ranar da mijina ya rasu, gawarsa kwance tsakar ɗaki kowa na gani, ko ƙullin sukari ba ka aiko ba. Yau babu gawa za ka yanka alade? Arziki ne ya ƙaru ko tausayi?"

Wata 'yar zumuntar matan coci ta zungure ni da gwiwar hannu. "Elvina, a ƙofar coci fa kike."

"Ai shi ya sa nake faɗin gaskiya. Da a kasuwa ne da na taya aladen."

Wasu suka ƙunshe dariya cikin mayafi. Shi bai yi ba. Ya matso ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Tone-tone ba ya tayar da matacce, 'yar'uwa. Sau da yawa ma rayayyu yake jawo wa."

Na yi masa sai anjima na kama hanya. Duk tsawon hanyar aladen nan nake juyawa a raina. Mutumin da ke auna mai har ya girgiza mazurari don kada ɗigo ya bi ka gida, shi ne yau da kyautar alade sukutum? Ruwa ba ya tsami banza.

* * *

Kwana biyu bayan haka na shiga gidan Idalia aron abin kankare kwakwa, nawa ya dakushe. Ina taka matakalar ƙofa na ji ƙuras-ƙuras ƙarƙashin silifas. Na duba. Ɗanyar shinkafa ce a watse, kaji sun taru suna ta biki. Idalia da ke tsince ƙwaya ɗaya in ta faɗi ƙasa.

Ina tsaye sai ga Linford daga kanti. Yaron ya zube, wuya ya fito kamar na zalɓe. Rigarsa a juye, ɗinki duk a waje. Da ya iso matakala sai ya juya bayansa, ya hau da baya-baya, idonsa a kan hanya.

Na ce, "Kai Linford, itace ka gani a tsaye?"

Ya zabura. "Ina wuni, Inna Elvina."

"Lafiya. Rigarka a juye take."

"Sauri nake yi, Inna."

"Jiya da na hango ka a shago ma saurin kake yi?"

Idalia ta fito da gudu, hannunta duk kumfa. "Ki rabu da shi don Allah, ba shi da lafiya. Wanda abokinsa ya nutse a gabansa ai sai a hankali." Ta dangwara min abin kankarar a hannu, ko zauna ba ta ce min ba.

Na dawo gida na zauna a bakin gado, kwakwar ma ban fasa ba. Kakata ta sha faɗa mana muna yara. Shinkafa a bakin ƙofa, don fatalwa ta tsaya ƙirga ƙwayoyi har gari ya waye. Riga a juye, don kada ta gane ka. Shiga da baya, don kada ta bi ka ciki. Ni dai ban yarda da wannan shirmen ba, tun ranar da aka yi min baftisma na ajiye shi. Matacce yana hannun Ubangiji, ba ya yawon lungu yana ƙirgar shinkafa.

To amma Linford ya yarda, kuma nan maganar take. Na ga maza da yawa da abokansu suka nutse a gabansu. Suna kuka, suna shan giya, wani ya sayar da jirginsa ya koma noman rogo. Har gidan uwar mamacin suke zuwa su zauna, su faskara mata itace. Ban taɓa ganin wanda ya ɓuya wa abokin nasa ba. Linford kuwa tun da ya dawo bai tako gidana ba, shi da ya girma a kan tukunyata. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Sai na gane aladen. Daren taran nan ba don Delmar ba ne, ba don ni ba ne. So suke in kore musu shi.

* * *

Ofishin 'yan sanda ɗaki ɗaya ne kusa da kwata, inda jirage ke tsayawa. Yara ne ake turo mana daga babbar ƙasa, yarenmu ba su ji sosai, kafin su san sunan mutane an canza su. Na tarar da ɗaya ya miƙe ƙafa gaban fanka yana kallon ƙwallo a waya.

Na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara da kunne ɗaya.

"Mama, ɗan naki kamun kifi ya je, ko ba haka ba?"

"Yallaɓai, ka san inda ya je. Karen tsibirin nan ma ya sani."

"Ni ban sani ba. Ke ma gara kada ki sani. In kika ce min kin sani, kin shiga ciki ke nan. Gidanki ma sai a ce da kuɗin aka gina."

"Gidan da ke yoyo?"

"Wace shaida gare ki cewa an yi masa wani abu?"

Na gaya masa zancen shinkafa da riga. Ya ajiye wayar, ya yi dariya har da buga cinya. "In kama mutum don ya juya riga? Ni ma in na makara haka nake fitowa."

"To kira shi ka tambaye shi mana. Ba aikinka ba ne tambaya?"

"Mama, ki kawo gawa, ko ki kawo wanda ya gani zai faɗa. In ba haka ba hannuna a ɗaure yake."

Ka ji fa. Coci na so in kaɗa ƙararrawa babu gawa, hukuma kuma ba za ta tashi daga kujera ba sai na ɗauko mata gawa a ka. Ina fita na ga babur ɗinsu a jingine, kusa da shi jarkar mai irin shuɗiyar nan da Alston kaɗai ke da ita. Na ce to, madalla.

* * *

Da na koma gida na durƙusa. Na ce, "Ubangiji, ka dai ga na bi ta ƙofa an rufe. Abin da zan yi yanzu ba ƙarya ba ne, wanki ne kawai. In da laifi a ciki ka yafe min."

Na kwaso kayan Delmar duka na wanke, na shanya a igiyar da ke jikin shinge, daidai tagar ɗakin Linford. Iskar teku ta shiga rigunan ta cika su, hannuwa na ɗagawa suna sauka. Da yamma na kwashe, da safe na sake jiƙawa na mayar. Takalman robarsa na jera a bakin ƙofa. In na sauke tukunya kuma in fito in ƙwala kira kamar yadda na saba tun yana ɗan mitsitsi, "Delmar! Abinci zai huce!"

Ba a yi mako ba Idalia ta faɗo min gida ko sallama babu.

"Elvina, kashe min ɗa za ki yi? Ba ya ci, ba ya barci! Ki kwashe tsummokaran nan!"

"Igiyata ce, rana kuma ta Allah ce. Ko shanya ma sai na nemi izini?"

"Ke da kike gaba-gaba a zumuntar mata, ke ce da tsafi?"

"Tsafi? Ni sabulu na sa da ruwa. Shinkafar da ke bakin ƙofarki fa, Fasto ne ya ce a zuba?"

Ta zauna daɓas a kan bokiti, ta rufe fuska da zani. Can ta ce, "Me kike so ne wai?"

"Abin da za ki so in da naki ne bai dawo ba. Me ya gaya miki, Idalia?"

"Ban tambaye shi ba. Kuma ba zan tambaya ba. Shi kaɗai gare ni."

"Ni nawa guda nawa ne?"

Ta tashi ta fita. Daga ranar ba ta ƙara zuwa fasa ƙaguwa ba. Ni kaɗai nake zama da kwano, aikin bai sauri, ba mai gulma. Na yi kewarta, ba zan ɓoye ba. Amma shanya ban fasa ba.

Ranar da Linford ya zo, da tsakar rana ne, ina kankare kwakwar miyar kifi. Ban ji shigowarsa ba sai ganinsa na yi a durƙushe gabana, leɓe duk ya bushe, rigar nan a juye.

"Inna, don girman Allah ki sallame shi. Ki sa a kaɗa. Na roƙe ki. Ko ina na juya yana tsaye, yana kallona, ƙafarsa na zubar da jini."

Hannuna ya tsaya a kan kwakwar.

"Ƙafarsa? Wanda ya nutse a ruwa ne ƙafarsa ke jini?"

Ya kau da kai.

"Dube ni nan, Linford. Ni na goya ka ranar da uwarka ke kwance da zazzaɓi. Akwai sojan ruwa?"

"Babu."

"Jirgin ya kife?"

"Bai kife ba."

"To faɗi. Kada ka tsallake komai, in ba haka ba rigunan nan za su kwana a igiya har ka tsufa."

Ya faɗa. Baƙon ne ya kawo shawara a tsakiyar teku, su karkatar da kayan su kai wa wasu masu saye, su dawo su ce sojan ruwa sun nutsar da su. Linford ya yarda. Delmar ya ƙi. Ya ce masu kayan ba wawaye ba ne, ranar da suka gane, gidan uwarsa za su fara zuwa. Gardama ta yi zafi suna daf da Tsibirin Tsuntsaye, baƙon ya zaro bindiga ya harbe shi a cinya. Zai ƙarasa shi Linford ya riƙe masa hannu. Sai suka sauke shi a kan yashi, gindin wani ɗan kurmi, suka bar masa jarkar ruwa da wuƙarsa.

"Na ce masa zan dawo, Inna. Na rantse na ce zan dawo."

"Da rai kuka bar shi?"

"Da rai. Har zagina yana yi."

"Da ka sauka wa ka gaya wa?"

"Kawu Alston. A ranar. Ya ce in na koma na same shi da rai zai yi magana, masu kayan su zo su ƙone mu duka, har da ke. Ya ce in yi shiru, Allah zai yi ikonsa."

Wato ranar da mutumin nan ya riƙe hannuna a ƙofar coci yana min tayin alade, ya san ɗana na kwance kan yashi da jarka ɗaya. Jira yake ruwan ya ƙare.

Allah ne ya riƙe hannuna, da abin kankarar nan zan tsaga masa kai. Na ajiye shi a hankali. Tsibirin Tsuntsaye na san shi a bakin mijina, can suke zuwa ɗibar ƙwai da. Yashi ne da 'yan kurame, babu rijiya. Amma akwai ƙwan tsuntsu, akwai ƙaguwa, kuma a makonnin nan an tafka ruwan sama har bokitaina sun cika sun zube. Delmar ba rago ba ne. Zancen cinyar kuwa na ture shi gefe, ban da lokacinsa.

Linford ya ce, "Ya mutu, Inna. Da bai mutu ba ai da ba na ganinsa."

"Rufe min baki. Kai da ba ka ci ba ka barci, ko kakar kakarka ma za ka gani. Mafarkinka ba gawa ba ne. Tashi mu je ka maimaita wa ɗan sanda."

"In na faɗa ba zan kai Lahadi ba. 'Yan sandan ma kin san ba su da jirgin da zai kai can."

"To tashi ka kai ni."

Ya fara ja da baya da gwiwoyi yana girgiza kai. "Ba zan iya taka wurin nan ba. Ki kashe ni a nan ya fi. Inna, ƙararrawar..."

Na tsallake shi na shiga ɗaki neman mayafi. Da na fito ba ya nan.

* * *

Tsibirin Tsuntsaye tafiyar yini ce a jirgi mai inji, ga dawowa. Mai ake so ba kaɗan ba. Na wuce kai tsaye rumfar Alston. Yana zaune kan kujera yana fifita da hula, durorin mai jere a bayansa.

"Dattijo, mai nake so. Na zuwa Tsibirin Tsuntsaye da dawowa."

Fifitar ta tsaya, sannan ta ci gaba. "Ayya, 'yar'uwa. Mai ya ƙare, sai jirgin kaya ya zo."

Na zagaya na ƙwanƙwasa duro ɗaya da hannu. Dum. Na ƙwanƙwasa na kusa da shi. Dum. "Waɗannan fa, ruwan baftisma ne a ciki?"

"Da masu su."

"Linford ya gaya min komai."

Bai ko ƙifta ido ba. "To in ya gaya miki, kin san abin da zai biyo baya in maganar ta fita. Ba gidana kaɗai ba. Ki leƙa layin nan ki ga gidaje nawa ne, da yara a ciki. Makonni sun wuce, Elvina, ke ma kin san abin da za ki tarar. Za ki tayar wa tsibiri guda wuta a kan ƙashi?"

"In ƙashi ne ai nawa ne. Kai ne za ka raba mana jibin Ubangiji ranar Lahadi da hannun nan?"

Ya dubi hannun nasa, ya goge shi a wando. Ya ce, "Aladen yana nan har yanzu."

Ban tofa masa yawu ba. Na so, amma bakina ya bushe.

* * *

Na koma gida na haɗa kwando. Jarkar ruwa, burodi, soyayyen kifi, maganin ciwo da bandeji, da 'yar kwalbar zuma don ya fi son ta a kan komai. A can ƙasa na shimfiɗa farin zanin gadona, wanda ban taɓa kwana a kai ba. Na rufe da tsumma na ɗora a ka, na gangara kwata.

La'asar ta yi, masunta sun dawo, suna zaune kan jiragensu suna gyaran raga. Tun daga nesa na san labari ya riga ni, don hirar ta mutu ina isowa. A tsibirin nan in ka yi atishawa a gabas, a yamma ake ce maka sannu.

Na sauke kwando na ce, "Sannunku da aiki. Ba sai na maimaita ba, kun ji. Alston ya hana mai. Amma kowannenku da saura a tanki. In kuka haɗa, jirgi ɗaya zai je ya dawo."

Wani ya ce injinsa na tari tun jiya.

"Tari? Da safe na ji shi yana ruri kamar sa."

Wani ya ce iska za ta juya.

"Wilberson, kai ne yau da tsoron iska? Kai da ka fita ranar guguwa don kawai matarka ta ce ba ka isa ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Wilberson ya sunkuyar da kai, ya ce, "Mis Elvina, nawa yaron yana can arewa yanzu haka, a hannun mutanen nan. In aka ji jirgina ne ya je..."

"Ai shi ya sa. Gobe in naka aka yar a kan yashi, wa kake so ya je?"

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma duk wanda ke kwatar nan ya ci, ko a inji ko a rufin ɗaki.

Na juya wajen Kawu Orvil. Tsoho ne, da shi mijina ya yi ta zuwa ɗibar ƙwai, shi ya koya wa Delmar riƙon tuƙi. Yana can ƙarshen kwata, allurar raga a hannu, yana ɗinke huji ɗaya tun da na iso. Na ɗauki kwandona na je na ajiye a gabansa. Iska ta ɗaga bakin tsumman, gefen farin zanin ya leƙo daga ƙarƙashin burodi. Ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da idonsa kan raga.

Na ce, "Kawu, ba sai ka sauka ba. Ba sai ka ga komai ba, balle a tambaye ka. Ka ajiye ni a bakin yashi kawai, ka juya baya, ni zan shiga in duba. In da rai in ba shi ruwa, in babu in naɗo abina. Rana na tafiya, Kawu Orvil. Za ka kai ni?"